Dalilin da ya sa na soke itatuwan da ka jera a tsakiyar titi

Jiya muna loda kaya a mota ka tambaye ni, bayan ka ga zanenka ya dawo da jan biro a jiki. Ka ce: "Maigida, me ya sa ka soke itatuwan sifurus da na jera a tsibirin tsakiyar titi, ka ce a shimfiɗa dutse a bakinsa, amma a tsakiyar shatale-tale kai da kanka ka sa a tara ƙasa a dasa dogaye? Can ba za su tare wa direba gani ba?" Sanyi da gaggawa ba su bar ni na amsa maka yadda ya kamata ba, shi ya sa na zauna na rubuta.

Zanenka ya yi kyau, ɗana, ba don in faranta maka na faɗa ba. Matsalarsa guda ce, watan Yuli ne a cikin ranka lokacin da kake zana shi. Garin nan na Vail, a jihar Kolorado ta Amurka, yana kan tudun da ya kai kusan mita 2,500, kuma tun da aka buɗe filin wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara a Disambar 1962, da dusar ƙanƙara yake ci yake sha. Abin da ke zuba a kan dutsen a shekara yakan kai wajen mita 9. Shuka kuwa daga Yuni zuwa farkon Satumba ne rabonta, wata uku ke nan. Baƙin da suka fi yawa a watannin sanyi suke zuwa, lokacin da furenka yake kwance a ƙarƙashin tulin ƙanƙara.

Mai iko da tsibirin nan shi ne direban katafilar da ke kwashe ƙanƙara. Da ƙarfe huɗu na asuba yake fitowa, cikin duhu, iska na kaɗawa, ba ya ganin bakin siminti sai sandunan alama da muka kafa masa. Abin da bakin katafilar ya turo dole ya sauka wani wuri, kuma wurin shi ne tsibirinmu. Kada ka ɗauka farar dusa ce mai laushi irin ta hoto. Dunƙule ne mai nauyi, haɗe da yashin da aka watsa don taya ta kama, da ruwan gishirin nan da ake fesa wa titi, magniziyam kuloraid. Ka tuna fakon da kanwa ke fitowa a bakin fadama a gida, inda ko ƙaya ba ta son tsira? Haka ƙasar bakin titi take zama idan ta sha wannan gishiri shekara da shekaru. Shi ya sa na ce a bar wajen mita ɗaya daga bakin siminti, a daɓe shi da dutse. Nan ne tulin zai zauna, nan ne bakin katafilar zai karta, kuma idan bazara ta zo tsintsiya da shebur kawai ake buƙata.

Ni ma na taɓa dasa sifurus a irin wannan wuri, a shekarata ta biyu a aikin nan. Guda 12 ne, tsayinsu ya kai kafaɗata, na ɗaure su da kyau, na ba su ruwa har ƙasa ta daskare. Da Afirilu ta zo na je dubawa. Gefen da ke kallon titi ya koma ja kamar an babbake shi, ɗaya gefen yana nan shuɗi shar. Na shafa reshe, ganyen nan masu kama da allura suka zubo a tafin hannuna. Uku daga ciki nauyin tulin ya tsage su daga kafaɗa har gindi. Sifurus ba ya zubar da ganye a sanyi, don haka duk feshin gishirin da tayoyi ke watsawa a jikinsa yake sauka, ga rana mai ƙarfi a kan tudu, ga busasshiyar iska, ga saiwa a cikin daskararriyar ƙasa ba ta iya jan ruwa. Da hannuna na tuge su. Itace ne mai daraja, shi ne ma itacen jihar Kolorado, amma tsakiyar titi ba mazauninsa ba ne.

Ko da ya rayu, akwai inuwa. A Disamba rana ba ta hawa sama a nan, da tsakar rana ma a kudu take rakuɓe, har inuwar abu takan kai ninki biyu na tsayinsa. Titin da ka zana gabas da yamma ya miƙe. Itace mai mita 6 zai shimfiɗa inuwar mita 12 a kan layin arewa, wurin ya ƙi narkewa, ya zama santsi baƙi wanda ido ba ya gani, daidai inda mota ke taka birki.

To, sai maganar gani, wadda ita ce zuciyar tambayarka. Idon mai tuƙa ƙaramar mota bai fi mita ɗaya da ɗoriya daga ƙasa ba. A bakin mahaɗa, da kan ƙananan tsibiran da ke raba shiga da fita a shatale-tale, ba na barin abin da ya wuce santimita 60, kuma ina lissafawa da ƙanƙarar da za ta hau kansa. Ka tuna su wa ke bin titin. Mutum ne ya ɗauko motar haya a birnin Denba, ya biyo babbar hanyar I-70 da dare, ƙila bai taɓa tuƙi a kan ƙanƙara ba, yana neman otal ɗinsa. A gabansa kuma ga uba da yara sanye da takalman zamiya masu tauri, sun saɓa katakonsu a kafaɗa, ba mai iya gudu a cikinsu. Tilas ya gan su tun daga nesa, su ma su gan shi.

Tsakiyar shatale-tale aikinta daban. Vail ta gina nata a mashigar garin a 1995, tana cikin na farko-farko a Amurka da suka yi haka a bakin babbar hanya. Kafin nan jami'ai ne ke tsayawa cikin sanyi suna ba da hannu a ranakun cunkoso. Tuƙin nan irin na gida ne, a dama ake bi, saboda haka mai shiga shatale-tale hagunsa ya kamata ya duba. Idan ka bar tsakiyar a shafe, zai hango titin da ke can ƙetare da fitilun motoci, idonsa ya gaya masa hanya a miƙe take, ƙafarsa ta ƙi sauka daga totur. Idan kuwa ya ga tudu da kututturan itace sun tsaya a gabansa, zai rage gudu tun bai iso ba. Da gangan muke tare masa wannan ganin. Sai dai a can ciki ake tara su. Zoben daɓen da tayoyin tirela ke hawa a bar shi fili, bayansa gajerun shuke-shuke, sannan dogaye. Kada ka sa benci ko wani abin da zai ja mutum ya tsallaka don ɗaukar hoto.

A can ciki nakan sa itacen asfen, mai farin jikin nan, rukuni-rukuni. Yana zubar da ganye, rana ta ratsa, kuma fararen kututturansa suna da kyan gani a Janairu. Amma ka naɗe gindin kowanne da ragar waya. Akwai ɓerayen daji da ke haƙa hanya a ƙarƙashin ƙanƙara, su ɓare ɓawon gindi zagaye, ba za ka sani ba sai Mayu. A dogon tsibiri kuwa ina son masu mutuwa su koma ƙasa da kaka su sake tsirowa da bazara, irin su furannin da ake kira fenstimon da "yarrow", da ciyayin tudun nan masu tsiro dunƙule-dunƙule. Katafila ba ta karya abin da ba ya tsaye.

Koren kafet ɗin ciyawar da ka sa a ƙarshen zanen ma na soke. Dokar da jihar ta yi a 2024 ta hana shimfiɗa sabuwar ciyawar ado a tsibiran titi daga 1 ga Janairun 2026, don tsimin ruwa. Ko ba doka ba zan sa ba. Duk abin da muka zuba a tsibiri, taki ne ko maganin ƙwari, kwata ce ke kai shi rafin Gore da ya ratsa garin, kuma tun 2012 aka sa rafin cikin jerin ruwayen da suka samu matsala saboda ƙananan halittun cikinsa sun ragu. Su ne abincin kifin da mutane ke zuwa kamawa da rani. Nakan tsaya a kan gada in kalli ruwan nan, ba na son hannuna a cikin lalacewarsa.

Ban ruwa na ɗigo za mu sa, akwatin famfo kuma nesa da bakin siminti. Kafin sanyi ya kama a Oktoba za a busa bututun da iska a fitar da ruwan ciki, in ba haka ba ya daskare ya fashe. Ba a fafe gora ranar tafiya. A Mayu kuma a kwashe yashi, a ba ƙasa ruwa mai yawa sau biyu ko uku don ya wanke gishirin ya yi ƙasa da shi, sannan a dasa.

Ranar Asabar, idan an zuba da dare, ka je wurin da asuba da wayarka. Ka ɗauki hoton duk inda tuli ya tsaya, ka auna tsayinsa da faɗinsa. Ka gaida direban katafilar, ka tambaye shi inda yake juyawa da inda yake son turawa, zai gaya maka. Sannan ka tsuguna a bakin layin shiga har idonka ya zo daidai na mai ƙaramar mota, ka dubi hagu. Ka sake zanen a kan waɗannan hotuna, ka kawo mini ranar Litinin mu duba tare.