Tambayi Likita: Allo Mai Taya Biyu Da Mai Taya Huɗu, Wanne Ya Fi Karya Yara?

Tun da aka shiga hutun makaranta saƙonnin da ke shigo mini suka koma kan abu guda: allunan nan masu taya da yara suke sulu da su a layukan Malali, Unguwar Rimi da Barnawa a nan Kaduna. Na tsinto guda shida. Kamar kullum, na cire sunayen masu tambaya.

Assalamu alaikum Likita. Ƙanena ya aiko wa ɗana mai shekara 9 da wani allo mai taya biyu, an rubuta RipStik a jikinsa. Babansa ya ce a kai kasuwa a musanya da mai taya huɗu, wai shi ya fi aminci. Gaskiya ne? (Wata uwa daga Malali)

Wa alaikumus salam, Hajiya. Kafin in ba ki amsa sai da na ari na ɗan maƙwabcina na gwada a tsakar gida, da furfurata da komai. Ko ƙofar gareji ban kai ba na ji ni zaune daɓas a ƙasa, yara suna ta ƙyaƙyata dariya.

Mai taya huɗun, wato sketbod, shi ne tsohon hannu. Matasan Kalifoniya ta Amurka masu wasa a kan igiyar ruwan teku ne suka fara shi a shekarun 1950, ya yi ta bunƙasa har ya shiga gasar Olamfik ta Tokyo da aka yi a 2021, inda wata 'yar Japan mai shekara 13 ta ci zinare. Katako ɗaya ne, in kin ajiye shi a ƙasa zai tsaya da kansa, ana tura shi da ƙafa ɗaya. Na ɗanki kuwa kastabod ake ce masa, daga Koriya ta Kudu ya ɓullo a farkon shekarun 2000. Faranti biyu ne aka haɗa da sandar ƙarfe mai murɗawa ta dawo, kowane faranti da tayarsa ɗaya mai juyawa ta ko'ina irin ta kujerar ofis. Ba a sa ƙafa a ƙasa; yaro yana karkaɗa ƙugu da ƙafafu ne kamar yadda tarwaɗa take kaɗa jela, allon ya yi gaba. Halinsa ɗaya da keke, da ya tsaya sai ya kife.

Maigida yana da gaskiya ta wani ɓangare, don ranar farko mai taya biyu ya fi wuyar hawa nesa ba kusa ba. Amma mai taya huɗu mayaudari ne. Da yake yana tsaye ƙyam, yaro zai haye da ƙwarin gwiwa, ya ɗan jingina baya kaɗan, allon ya sulale gaba ya bar shi, ya faɗi ta ƙeya. Wannan faɗuwar ce na fi tsoro. Shi ne kuma ake tsalle-tsalle da shi a kan matattakala, ake gangara tudu da mugun gudu. Mai taya biyu ba ya ba yaro gudu sai ya koyi tsayuwa a kansa, kuma idan ya kuɓuce yakan karkace gefe ne, sau da yawa yaro ya dire da ƙafarsa. Nasa sharrin yana ga tayar gaba: ta faɗa tsagin intalok ko ta ci karo da tsakuwa, allo ya tsaya cak, yaro ya wuce da hannuwa a gaba. Dukkansu biyun babu mai birki.

Ni dai da za a bi ta tawa, kada ku ɓata kuɗi wajen musanya. Ku sayi hular kwano daidai kansa, da makarin wuyan hannu, da na gwiwa. Kamfanin da ke yin allon ya rubuta daga shekara 8 zuwa sama, don haka ya kai. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka kuma ta ce ɗan ƙasa da shekara 5 kada ya hau sketbod sam, daga 6 zuwa 10 sai da babba a kusa. Ya sa kambas mai igiya, ban da silifas. Sannan wurin da zai hau ya fi irin allon muhimmanci: dandamalin siminti mai santsi a cikin gida ko fili, ba titin da Keke Napep da mashin suke kai-komo ba, ba gefen buɗaɗɗen kwalbati ba. Samarin nan da nake gani suna riƙe bayan mota tana jan su a kan titin Ali Akilu, duk ranar da direba ya taka birki, labarin ba na karaya ba ne kuma.

Likita, shekarata 17. Na faɗi daga kan sketbod na dafa ƙasa da hannu. An yi hoto an ce babu karaya, amma yau kwana 9 ko murfin kwalba ba na iya buɗewa. Kakata ta ce targaɗe ne, a kai ni wajen mai ɗori. (Wani ɗalibi daga Tudun Wada)

Ɗana, yi wannan gwajin yanzu. Buɗe tafin hannunka ka ɗaga babban yatsa sama. Za ka ga wani ɗan rami ya fito a gindinsa, tsakanin jijiyoyi biyu. Danna cikin ramin da yatsan ɗaya hannun. Idan ka ji zafi ya tsira har ka janye, ka koma asibiti gobe da safe.

A ƙarƙashin ramin nan akwai wani ƙaramin ƙashi mai siffar ɗan kashu. A cikin ƙasusuwa takwas na wuyan hannu shi ya fi karyewa idan matashi ya faɗi ya dafa ƙasa, kuma yana da munanan halaye biyu. Tsagewarsa takan ƙi fitowa a hoton farko, sai an sake bayan kwana 10 zuwa 14. Sannan jini ta gefe ɗaya yake shigarsa, don haka idan ya karye ba a tsare shi ba, ɗaya ɓarin na iya rasa jini ya mutu, mutum ya ƙare da ciwon wuyan hannu na shekaru. Idan aka kama shi da wuri, ɗaurin siminti ne na mako 6 zuwa 12, wani lokaci aiki. Ka je asibitin Barau Dikko ko na Yusuf Ɗantsoho da ke kusa da kai, ka gaya musu daidai inda ke ciwo da yadda ka faɗi.

Ka gaishe mini da Kaka, ka ce na san ba ta nufin komai sai alheri, kuma na san akwai karayar da aka kai wa masu ɗori ta warke. Sai dai mai ɗori ba ya ganin cikin hannu, ja da murza ne aikinsa, kuma ƙashin da muke magana ba ya son ko ɗaya. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ɗaurin kara. Na taɓa karɓar wani yaro da bai wuce shekara 7 ba, ya karye a saman gwiwar hannu, aka ɗaure da karare tamau. Kwana uku yana kuka ana ce masa ya yi haƙuri, ɗori ne yake kamawa. Da muka kwance, yatsun sun yi sanyi sun yi baƙi, wurin da kara ya kwanta duk ya tashi bororo. Hannun da ya karye kumbura yake yi, in ɗauri bai ba shi wuri ba sai jini ya yanke, kuma cikin sa'o'i kaɗan nama ke fara mutuwa. Duk wanda aka yi wa ɗauri, ko na gida ko simintinmu na asibiti, idan zafi yana ƙaruwa maimakon raguwa, ko yatsu suka dena ji, suka yi fari ko shuɗi, a tafi asibiti a daren, kada a jira wayewar gari.

Jiya yarona ya faɗi daga mai taya biyu ya bugi kansa da dakali. Ya yi kuka, ya tashi ya ci gaba da wasa. Ƙulu ne kawai ya fito. Sai mun je asibiti? Kuma zai iya sa hular kwanon mashin ɗina? (Wani magidanci daga Kawo)

Malam, yawancin irin wannan ƙulu ne kawai, ya sace cikin 'yan kwanaki. Amma tashi a ci gaba da wasa ba shaida ba ce. Akwai zubar jini a cikin ƙoƙon kai da mutum zai yi sa'o'i garau yana hira, jini yana taruwa a hankali, daga baya ya zube. Saboda haka ku sa masa ido na kwana biyu. Ku garzaya asibiti idan ya yi amai fiye da sau ɗaya, ko ciwon kai yana ƙaruwa, ko barci ya yi masa nauyi har tashinsa ya yi wuya, ko ya rikice yana maimaita tambaya ɗaya, ko tafiya ta zama tangaɗi, ko ya yi jijjiga, ko wani ruwa ko jini ya fito ta kunne ko hanci. Idan kuma ya suma lokacin da ya faɗi, ko na daƙiƙa kaɗan ne, ba sai an jira ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Don ciwo a ba shi farasitamol. A bar asfirin da ibufurofen tukuna, suna iya ƙara zubar jini. Kada ya koma kan allo sai ya warware sarai, domin bugu na biyu a kan wanda bai warke ba ya fi na farko haɗari.

Hular mashin ta yi masa nauyi, ta kuma yi masa yawa, za ta rufe masa ido ta wahalar da wuyansa. A nemo ta yara, wadda ke sauka har ƙeya, ta zauna yatsa biyu a saman gira, a ɗaure igiyar haɓa. In za ku saya a gwanjo, ku juya cikinta ku duba. Wadda soson cikinta ya tsage ta gama aikinta.

Ɗiyata mai shekara 11 tana da sikila, kullum tana kuka sai ta hau na yayyenta. Kuma surukata ta ce karkaɗa ƙugun nan yana taɓa mahaifar 'ya mace. (Wata uwa daga Rigasa)

Maganar mahaifa babu ita, 'yar'uwa. Mahaifa tana can cikin ƙashin ƙugu a killace, sulu ko keke ba sa taɓa ta.

Maganar sikila ce mai nauyi. Ba na son a mayar da mai sikila kamar ƙwai, motsa jiki daidai gwargwado yana yi mata amfani. Amma akwai abu biyu da likitanta zai duba kafin ki yarda. Na farko saifa: idan tata ta kumbura, faɗuwa a kan ciki na iya fasa ta. Na biyu kan ƙashin cinya, inda yake shiga ƙugu. Masu sikila sukan sami toshewar jini a nan har ƙashin ya fara lalacewa, kuma mai taya biyu da ƙugu kacokan ake tuƙa shi. In tana ɗingishi, ko tana kukan ciwo a matsematsi ko gwiwa, a ajiye allon a yi hoto. In likita ya ce lafiya lau, ta hau da yamma bayan rana ta yi sanyi, da gorar ruwa a kusa, ta huta tun kafin ta gaji. Ban da tsakar ranar Maris da Afrilu, ban da sanyin asubar hunturu.

Shekarata 44, ga tumbi, ga gwiwa tana ɗan ciwo. Na ga a intanet wai mai taya biyu yana narkar da kitsen ciki. (Wani ma'aikaci daga Barnawa)

Yallaɓai, zai sa ka gumi, zai ƙarfafa cinya da ƙugu, wannan gaskiya ne. Amma babu motsa jikin da ke zaɓar kitsen ciki shi kaɗai ya ƙone. Jiki daga ko'ina yake ragewa. Yawancin allunan nan ma kilo 100 ne iyakar abin da suke ɗauka, ga murɗa gwiwar da dama tana ƙorafi, ga shi ƙashin ɗan 44 ba ya haɗewa da sauri kamar na ɗan 10. Hukumar Lafiya ta Duniya tana son babba ya sami minti 150 zuwa 300 na motsa jiki a mako. Tafiya da sauri a Dandalin Murtala bayan sallar asuba za ta ba ka wannan, in ka haɗa da rage lemon kwalba da tuwon dare.

Ƙanena ya kurje gwiwa da cinya a kan kwalta, wani makanike ya zuba masa man birki wai yana busar da ciwo. (Wata budurwa daga Badarawa)

Subhanallahi. Man birki guba ne, ƙona nama yake yi. Haka man goge baki, toka da ƙasa, duk ba su da wurin zama a kan rauni. Ki wanke wurin da ruwa mai tsabta da sabulu, ruwan yana zuba na 'yan mintuna, har sai yashi da ɓurɓushin kwalta sun fita. Zai yi ihu, ki daure, domin wanda aka bari a ciki shi ke kawo ruwa, ya kuma bar baƙin tabo. Ki shafa basilin kaɗan, ki rufe da bandeji mai tsabta, a canja kullum. In gefen ya yi ja yana faɗaɗa, ko ya fara mugunya, ko zazzaɓi ya shigo, sai asibiti.

Ki kuma tambayi Mama katin rigakafinsa. Allurar da ake yi wa jarirai a mako 6, 10 da 14 tana ɗauke da kariyar tetanus, ciwon nan mai ƙulle muƙamuƙi ya sandarar da jiki, amma ƙarfinta yana raguwa da shekaru. Tunda raunin ya sha ƙasa, in ya wuce shekara 5 rabonsa da allurar, ko katin ya ɓata ba a san ranar ba, ki kai shi asibitin sha-ka-tafi mafi kusa a yi masa yau.