Injin kwale-kwale na mutuwa in an ba shi wuta

Malam, ka ce injin yana tashi lafiya, amma da ka murɗa totur sai ya shaƙe ya mutu. Galibi mai ne ba ya isa. Fara duba ɗan sukurun iska na murfin tanki, in a rufe yake fetur ba zai tafi ba. Sannan matsa robar famfon da ke jikin tiyon fetur. In ta tsuke ta ƙi cika, toshewar tana ta ɓangaren tanki.

Tsiyayi fetur ɗin a kwalba ka bar shi ya natsa. In da ruwa, za ka gan shi kwance a ƙasa. Fetur da ya daɗe kuwa yakan toshe ƙananan ramukan kabureta, sai an kwance an wanke. Don Allah kada ka gwada injin a tudu ba ruwa, robar famfon ruwansa za ta ƙone.