Amsa kan hukuncin kai fursuna ƙetaren teku

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, tambayarka kashi biyu ce. Ka ce ka ji wai Ingila ta riƙa kwasar fursunoni tana kai su Ostareliya, shin wannan ɗaya yake da kai sarakunanmu Lakwaja da Turawa suka yi, ko da yadda Saudiyya ke taso ƙeyar mutanenmu? Sannan ka ce tunda gidajen yarinmu sun cika maƙil, me zai hana a nemi wani tsibiri ko ƙungurmin daji a riƙa kai masu laifi. Na ga wasu sun amsa maka cewa duk kanwar ja ce. Ni ban yarda ba, kuma ina da dalili. Na yi karatun shari'a a Hobart, babban birnin tsibirin Tasmaniya na ƙasar Ostareliya, inda aka kai fursunoni fiye da 70,000, kuma bincikena ya sa na daɗe ina bin rajistocinsu shafi shafi.

Bari mu fara raba abubuwan da aka cakuɗa. Wanda Saudiyya ta taso ƙeyarsa baƙo ne aka mayar ƙasarsa, yana sauka filin jirgi ya nufi gida. Idan kuma wata ƙasa ta roƙi a ba ta mutumin da take nema don ta gurfanar da shi, wannan miƙa wanda ake tuhuma ne bisa yarjejeniya, bai ma kai ga hukunci ba tukuna. Abin da aka yi wa Sarkin Kano Aliyu Babba bayan 1903, da aka kai shi Yola sannan Lakwaja har ya rasu a can a 1926, tsarewa ce ta siyasa don a raba shi da jama'arsa, kuma babu kotun da ta yanke masa shekarun noma ko fasa dutse. A fiƙihunmu na Malikiyya akwai tagribi, inda ake nisanta namiji wanda bai taɓa aure ba tsawon shekara ɗaya a kan zina, a tsare shi a garin da aka kai shi, wa'adi ya cika ya dawo.

Wanda kake tambaya a kai, wanda littattafan shari'ar Ingila ke kira transportation, ya haɗa abu uku a wuri guda: kotu ce ke yanke shi, ana ƙetarar da mutum teku zuwa ƙasar da gwamnati ke mallaka, kuma ƙarfin jikinsa ya zama na gwamnati har wa'adin ya ƙare. Wannan na ukun shi ne ruhin abin. Idan ka cire aikin tilas, ba ka fahimci dalilin da ya sa aka yi shekara 150 ana yi ba.

Asalinsa daga matsalar alƙalan Ingila ne. A ƙarni na 18 laifuffukan da hukuncinsu rataya ne sun yi ta ƙaruwa har suka haura 200. Satar kayan sule biyar a kanti tana iya kai mutum ga igiya, haka satar sule arba'in a cikin gida. Shi ya sa za ka ga masu taimaka wa alƙali sun ƙiyasta kayan da aka sata a sule 39, don kawai su tsirar da ran ɓarawon. Tsakanin rataya da a ɗana wa mutum ƙarfe mai zafi a babban yatsa a sake shi, kusan babu wani hukunci na tsaka-tsaki. Dokar da ta fara aiki a 1718 ita ta cike giɓin: shekara bakwai a ƙetare ga ƙananan laifuffuka, goma sha huɗu ga wanda aka yi wa afuwa daga kisa. Wanda kuma ya dawo kafin wa'adinsa, rataya ce hukuncinsa. Amurka aka fara kai su. Gwamnati ta biya 'yan kasuwa su yi jigila, su kuma su sayar da wa'adin aikin fursunan ga manoman taba a Maryland da Virginia. Kimanin mutum 50,000 aka kai ta wannan hanya.

Da Amurkawa suka yi tawaye, ƙofar ta rufe. Daga 1776 aka koma cusa fursunoni a tsofaffin jiragen ruwa da aka girke a kogin Thames. An ma waiwayo Afirka ta Yamma: an tura wasu ganuwoyin gaɓar tekun Ghana ta yau a matsayin sojoji, cuta ta yi musu mummunar ɓarna, kuma shawarar da aka kawo ta kai su wani tsibiri a kogin Gambiya a 1785 ba ta kai labari ba. Daga nan aka yanke shawarar Ostareliya. Jirage 11 ƙarƙashin Arthur Phillip suka tashi daga Portsmouth a watan Mayu 1787, suka isa a Janairu 1788 da fursunoni sama da 700. Ayari na biyu, na 1790, an ba 'yan kwangila ne, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na fursunonin sun mutu a hanya. Daga wancan lokaci zuwa jirgin ƙarshe da ya sauka Fremantle, a yammacin Ostareliya, a Janairu 1868, kimanin mutum 162,000 aka kai, mata kusan 25,000 a ciki.

Rajistar fursuna ita ta fi koya mini yadda abin yake. Kowa da shafinsa. Magatakarda zai rubuta tsayinsa, launin idonsa, tabon da ke jikinsa, zanen da ya yi a hannu, sana'arsa, ko ya iya karatu. Sana'ar nan ba don tarihi ake tambaya ba, don a san inda za a tura shi ne: kafinta da magini gwamnati ta riƙe, manomi da makiyayi a ba wani Bature mai gona ya yi masa aiki a kan ci da sutura. Daga ƙasa kuma sai jerin laifuffukan da ya yi bayan zuwansa, da ƙananan haruffa a cunkushe. Ya yi wa ubangidansa rashin kunya, bulala. Ya bugu, aiki cikin mari a kan hanya. Ya bar gona ba izini, a ƙara masa wa'adi. Na sha ganin shafin da laifin farko bai wuce layi ɗaya ba, satar tufa ko agogo, amma abin da ya biyo baya ya cika takardar har magatakarda ya koma rubutu a gefe. Akwai shafukan mata da aka mayar gidan horo na Cascades saboda sun ɗauki ciki a gidan da aka tura su aiki, ita za a hukunta, ba a ko tambayi wanda ya yi cikin ba. Wannan har yau yana ci mini rai.

Akwai matakan fita, kuma ɗaliban shari'a su lura da su don kowanne da hukuncinsa. Na farko takardar izini, wadda ke ba fursuna mai ladabi damar yi wa kansa aiki a cikin gunduma ɗaya, yana zuwa ana ƙidaya shi, kuma ana iya ƙwace ta kowane lokaci. Ita ce kakar sakin fursuna bisa sharaɗi da ake yi a yau. Sai afuwa mai sharaɗi: ka zama ɗa, amma ba ka da ikon komawa Birtaniya. Sai cikakkiyar afuwa, wadda ta ba da damar komawa. Wanda ya cika wa'adinsa kuma a ba shi takardar shaidar 'yanci. To amma gwamnatin da ta kawo shi kyauta ba ta biyan kuɗin komawa, don haka shekara bakwai ɗin da alƙali ya furta, ga mafi yawansu rabuwa ce ta har abada da mata da 'ya'ya. Su ma sun sani. Kafin jirgi ya tashi wasu kan goge kwabo har ya yi sumul, su zana sunansu da 'yan kalmomin ban kwana su bar wa iyali. Ana ajiye da irin waɗannan kwabbai a gidan tarihi na ƙasa a Canberra.

Wanda ya sake laifi a can kuma akwai inda ya fi nan: tsibirin Norfolk, ko Port Arthur da ke Tasmaniya. Na shiga kurkukun kaɗaici na Port Arthur. Ba a kiran fursuna da suna sai da lamba, ba ya magana, idan zai fita ɗakinsa sai an rufe masa fuska. A ɗakin ibadarsu kowa yana tsaye a cikin wani akwatin katako, ba ya ganin na kusa da shi sai mai wa'azi kaɗai. Daga baya an gina gidan masu taɓin hankali a jikin wannan kurkuku. Tsallaken ruwa kaɗan akwai Point Puer, inda aka tsare yara maza, har da 'yan shekara tara.

Ba zan ɓoye cewa wasu sun ci riba ba. Mary Reibey tana yarinya aka kai ta a kan satar doki, ta zama hamshaƙiyar 'yar kasuwa, yau hotonta ne a takardar dala 20 ta Ostareliya. Francis Greenway da aka kama da jabun takarda shi ya zana barikin Hyde Park a Sidni. Da aka gano zinariya a 1851 ma sai aka fara cewa ai kyautar kuɗin jirgi ake yi wa ɓarayi. Wannan, da adawar 'yan ƙasar da ba sa son a ƙara kawo musu fursunoni, su suka kashe tsarin: Tasmaniya ta daina karɓa a 1853, dokokin 1853 da 1857 kuma suka maye gurbinsa da ɗauri da aiki mai tsanani a cikin gida, ko da yake an ci gaba da kai wasu yammacin Ostareliya har 1868.

Faransa ta fi fito da manufar fili. Dokarta ta 1854 ta ce wanda aka yanke wa ƙasa da shekara takwas a Giyana, yankin da take mallaka a Kudancin Amurka, idan ya gama sai ya sake zama a can daidai tsawon wa'adin, wanda aka yanke wa takwas ko fiye kuwa ba shi ba komawa. A 1885 ta ƙara wani hukunci na dabam ga masu maimaita ƙananan laifuffuka, su ma na har abada. Sai 1953 na ƙarshensu suka baro can. Turawan Ingila sun yi irinsa a Indiya, suna kai mutane tsibiran Andaman daga 1858, kuma sai a 1955 Indiya ta cire shi daga dokarta ta sa ɗaurin rai da rai.

Yanzu batun shawararka. Ɗan'uwa, na fahimci abin da ke damunka, duk wanda ya taɓa kai ziyara gidan yari a ƙasar nan zai so a yi wani abu. Amma babu ƙasar da ba ta da masu ita. Tasmaniya tana da mutanenta tun dubban shekaru, kuma gonakin da fursunoni suka share, da tumakin da suka yi kiwo, a kan ƙasar waɗannan mutane ne. An yi yaƙi da su, an kafa dokar soja a 1828, waɗanda suka tsira aka kwashe su zuwa tsibirin Flinders inda mafi yawansu suka mutu. Dajin da kake hange ma akwai manomi da makiyayi a cikinsa. Sannan duk inda aka nisanta fursuna daga idon danginsa da lauya da alƙali, gandiroba ne ke zama doka, rajistocin nan shaida ne.

Ta fuskar doka ma hanyar a toshe take. Sashe na 41 na tsarin mulkin 1999 ya hana a kori ɗan Nijeriya daga ƙasar, kuma kotuna sun riga sun ce korar sarkin da aka tuɓe zuwa wani gari ta saɓa wa tsarin mulki, kamar yadda aka yanke a shari'ar Mustapha Jokolo na Gwandu. Abu mafi muhimmanci kuma, kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda ke gidajen yarinmu jiran shari'a suke yi, ba a same su da laifin komai ba tukuna. Cunkoson daga jinkirin kotu da wahalar beli yake, kuma can ya kamata a sa ƙarfi.

Ɗalibanmu da ke son gani da idonsu, rajistocin Tasmaniya suna intanet kyauta, haka bayanan shari'o'in kotun Old Bailey ta Landan daga 1674 zuwa 1913. Ku ɗauki sunan mutum ɗaya daga ranar da aka yanke masa hukunci a Landan, ku nemo shafinsa a Hobart, ku kwatanta abin da alƙali ya furta da abin da ya same shi.