Ba kowa ke magana da kowa ba

Kai yaro, wai don me ba za mu bar kowane wakilin manhaja, wato manhajar da ke yin wani aiki da kanta, ya riƙa magana da kowa ba, mu huta da zane-zane? A zanen, wakili ɗigo ne, hanyar saƙo layi ce. Wakilai 12, in ka haɗa kowa da kowa, layi 66 ke nan. Su kai 30, layi 435. In ka jera su reshe-reshe, 11 ya ishi sha biyun. Tun 1736 masanin lissafi Euler ya buɗe wannan lissafi na ɗigo da layi da gadoji bakwai na garin Konigsberg, ku kuwa sai kwafo daga intanet.

Wannan tambayar taka ce ta cinye mini kuɗi. Wani Alhaji mai sayen riɗi da hatsi ya sa na gina masa wakilai 12: wasu na tattaro farashi daga Maigatari ranar Alhamis da Wudil ranar Juma'a, wasu na kwatantawa da na Dawanau, ɗaya na rubuta masa saƙo. Saƙo gaba kawai yake tafiya, ba ya juyowa. Sannan na bi ɗigo ɗaya bayan ɗaya ina cirewa. Duk wanda cire shi ya raba tsarin gida biyu, na ba shi hanya ta biyu, don ka san halin netwok ɗin ƙauyenmu. Layukan ba su kai 20 ba.

Alhaji ya kalli takardar ya ce aikin bai cika ba, ga ɗigogi ba su gaisa da juna. Ya riƙe rabin kuɗina, ya miƙa wa ɗan ƙanensa da ya gama bautar ƙasa. Ɗan ƙanen ya haɗa kowa da kowa. Wakili mai dubawa ya mayar wa wakili mai lissafi da saƙo, mai lissafi ya mayar wa mai dubawa, kamar mata biyu a bakin turmi, har gari ya waye. Kowace magana kuwa kuɗi ce, da dala ake biya, kuma bayan 2023 ka san inda naira ta faɗa. Farashin ƙarya ɗaya ya shiga kunnen kowa, Alhaji ya sayi riɗi da tsada.

Yadda ake tura saƙon kuwa, kada ka tambaye ni, ko ɗan koyon jiya ya sani. In dole sai saƙo ya zagayo, ƙayyade masa sau nawa.

Ka san abin da ya fi ƙona mini rai? Har majalisar ƙofar Dagaci Alhaji ya je yana cewa injina ne ya karya shi. Cikon kuɗina kuwa har yau "sai an sayar da kaya".