Tambaya da Amsa: Mu Tara Kuɗi Mu Saya wa Yayana Karen Jagora, Ko Mu Jira?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ce ma'ajiyar wata ƙaramar ƙungiya ta Hausawa mazauna Manchester a Ingila. Yayana ya rasa ganinsa sakamakon ciwon suga, kuma tun daga lokacin ya daina fita shi kaɗai, ko masallacin Juma'a sai an kai shi. An ce mana jiran karen jagora daga ƙungiyar Guide Dogs yana ɗaukar dogon lokaci. To, sai muka ga wani mutum a intanet yana cewa zai horar mana da kare cikin mako takwas, ya haɗa mana da riga da takardar shaida, idan muka biya shi. 'Yan ƙungiya sun fara karo-karo, amma hankalina bai kwanta ba, ga shi kuma wasu dattawanmu suna cewa ajiye kare ma bai halatta ba. Mu biya ne ko mu jira? Idan ba mu biya ba, wane taimako al'umma irin tamu za ta iya yi?

AMSA: Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara wa Yaya haƙuri da juriya, ya kuma saka muku da alheri bisa wannan zumunci. Hajiya, rashin kwanciyar hankalinki yana kan hanya. Kada ku ba mutumin nan ko sisi, kuma ki dakatar da karo-karon tun kafin kuɗin ya taru har a ji kunyar fasawa.

Aikina shi ne koyar da masu larurar gani dabarun tafiya, kuma kusan duk iyalin da na zauna da su a kan batun kare suna zuwa da fahimta guda ɗaya wadda ita ce take buɗe wa irin wannan mutum ƙofa. Suna ɗauka cewa karen jagora shi ne ya san hanya, shi ne yake duba danja ya ga ta ba da hannu, sannan ya ja mai shi su tsallaka titi, mutumin kuma nasa kawai ya riƙe ya bi. Wannan fahimta kuskure ce, kuma kuskure ne da zai iya kai mutum ƙarƙashin mota. Kare ba ya karanta danja. Ba a koya masa hakan, ba kuma a dogara da shi a kan hakan a kowace makarantar horarwa da ta san aikinta. Abin da aka koya masa shi ne ya miƙe sosai daga wannan bakin titi zuwa na gaba, ya kauce wa abin da ya tare hanya, ya tsaya cak a duk inda hanyar ƙafa ta ƙare ko matakala ta fara, ya kuma jira umarni. Wanda yake yanke shawarar cewa yanzu lokacin tsallakawa ya yi shi ne mutumin, ta hanyar sauraren motsin motoci, ko ƙarar da akwatin tsallaka titi yake yi, ko kuma ta ɗora yatsa a kan ɗan ƙarfen nan da ke ƙarƙashin akwatin, wanda yake juyawa idan an ba masu tafiya a ƙasa hannu. Ki duba ƙarƙashin irin wannan akwati a unguwarku, a yawancinsu za ki same shi.

Haka nan batun sanin hanya. Taswirar unguwa a kan mutumin take zaune: shi ne ya san cewa daga gida zuwa masallaci akwai tituna kaza da zai tsallaka, a na nawa zai karya dama, a ina zai ce wa kare ya nemo ƙofa. Gaskiya ne kare yakan saba da hanyoyin da ake bi kullum har ya riƙa nuna alamar ya gane su, amma ranar da masu gyaran titi suka toshe hanyar, ko aka sauke Yaya a wata tashar bas da ba tasa ba, karen ba zai ƙirƙiro masa mafita ba. Mutumin da bai iya tafiya da farar sanda ba, bai kuma iya tantance inda yake ta hanyar ji da taɓawa ba, idan aka ɗora masa kare an ƙara masa sauri ne kawai ba tare da an ƙara masa sani ba, kuma wannan ya fi zaman gida haɗari.

Akwai abu ɗaya da karen yake yi wanda ya sa mutane suke zaton yana ganin danja, kuma shi ne mafi wuyar koyarwa a dukkan aikin. Idan mai shi ya ba da umarnin a tsallaka alhali ga mota ta taho, ana so karen ya ƙi bin umarnin. Wato dabbar da aka shafe watanni ana koya mata biyayya, ana so ta san wuri guda da za ta saɓa, ta kuma tsaya a kan saɓawar ko da mai ita ya matsa. Ana koyar da wannan ne da motoci na gaske waɗanda masu horarwa suke tuƙawa da gangan zuwa inda karen yake, a maimaita a wurare daban-daban. Duk da haka, mu da ke cikin aikin ba ma ɗaukar wannan a matsayin abin dogaro, kariya ce ta ƙarshe idan kunne ya yi kuskure. Kunne kuwa ya fi yin kuskure a yanzu, tunda motocin lantarki da kekuna sun cika tituna, kuma ko da yake tun daga 2021 an wajabta wa sababbin motocin lantarki fitar da ƙara idan suna tafiya a hankali, tsofaffin suna nan suna sulalewa shiru. Ki tambayi mutumin nan na intanet a ina ya yi wa karensa wannan horo, da motar wa, kuma wa ya jarraba shi. Na tabbata zai koma yi miki zancen riga da takarda.

Mako takwas ɗin da ya ambata ma abin takaici ne, domin kusan kwanakin da kwikwiyo yake da su a duniya ke nan lokacin da yake barin cibiyar kiwo ta Guide Dogs da ke kusa da Leamington Spa zuwa gidan mai aikin sa-kai da zai rene shi. A wannan gida yakan shafe fiye da shekara guda yana sabawa da bas da jirgin ƙasa da kanti da hayaniyar yara, sannan ya koma hannun ƙwararru na tsawon watanni, sannan a nemo mutumin da ya dace da shi ta fuskar tsawo da saurin tafiya da yanayin rayuwa, sannan a horar da su biyun tare na wasu makonni. Kare yakan kusa cika shekara 2 kafin ya fara aiki. Ko a cikin waɗanda aka haifa musamman don wannan aiki, daga iyayen da aka tantance lafiyarsu da halinsu, da yawa ba sa kaiwa ƙarshe, wani saboda tsoron ƙara, wani saboda ba ya iya kawar da kai daga tantabara ko abincin da ya faɗi a ƙasa. Wannan aiki ya faro a Jamus a 1916 saboda sojojin da suka makance a Yaƙin Duniya na Farko, ya iso Birtaniya a 1931 da karnuka huɗu a garin Wallasey, aka kafa ƙungiyar Guide Dogs a 1934. Abin da masu aikin suka kasa gajartawa cikin shekara 90 da ɗoriya, wani mai shafi a Facebook ba zai gajarta shi ba.

Takardar shaidar kuwa ba ta da wata daraja a idon doka. A Birtaniya babu wata rajistar gwamnati ta karnukan taimako, saboda haka duk mai sayar da "lambar rajista" takarda kawai ya buga a gidansa. Abin da ake da shi shi ne gamayyar Assistance Dogs UK, wadda ta haɗa ƙungiyoyin da hukumomin ƙasa da ƙasa na wannan fanni suka tantance, kuma jerin sunayensu a bayyane yake ga duk mai son dubawa. Ita ma rigar kowa na iya saya a intanet ya sa wa kowane kare. Ɓarnar waɗannan mutane ba ta tsaya kan wanda suka damfara ba: duk lokacin da kare mai rigar bogi ya yi haushi a gidan abinci ko ya ɓata kanti, makahon da zai zo gobe da karensa na gaskiya shi ne za a tare a bakin ƙofa.

Ban ce jiran ba shi da zafi ba. Layin ya yi tsawo, musamman tun da annobar korona ta tilasta dakatar da kiwo na wani lokaci a 2020, kuma masu renon kwikwiyo sun yi ƙaranci. Sashen ƙaramar hukuma da ya kamata ya turo mai koyar da sanda shi ma yakan bar mutum watanni yana zaune, takarda na yawo daga wannan tebur zuwa wancan, alhali a watannin farko ne mutum yake saurin sarewa. Kada ku zauna jiran a kira ku. Ku tabbatar likitan ido ya cike wa Yaya takardar shaidar larurar gani, ku buga wa sashen kula da masu larurar gani na ƙaramar hukumarku waya ku nemi a zo a auna bukatunsa, ku rubuta ranar da sunan wanda kuka yi magana da shi, ku sake bugawa bayan mako biyu. Shi da kansa ya kira Guide Dogs, domin da shi za su yi magana, ku kuma nemi shawarar RNIB, ƙungiyar da ke tallafa wa masu larurar gani a Birtaniya. Tunda ciwon suga ne, a duba jijiyoyin ƙafarsa, saboda idan tafin ƙafa ya rage ji ba zai riƙa gane ƙurajen daɓen da ake shimfiɗawa a bakin mashigar titi ba, kuma dole a gina horonsa a kan hakan. Mai yiwuwa ma bayan an auna shi a ga sanda ta fi masa kare, domin kare yana bukatar fita kullum, ko ana ruwa ko ana sanyi, da ciyarwa da kwashe kashi.

Maganar dattawa ba ta da sarƙaƙiyar da ake zato. Aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta abin da horarrun dabbobin farauta suka kamo, hadisi ya yi rangwame ga karen farauta da na kiwo da na gona, kuma a mazhabar Imamu Malik, wadda akasarinmu muka tashi a cikinta, kare mai rai ba najasa ba ne, har da yawunsa. A nan Ingila, a 2008, Majalisar Shari'ar Musulunci ta Birtaniya ta ba da fatawar da ta ba wani matashi makaho a Leicester damar zuwa masallaci da karensa, aka ware wa karen wurin kwanciya daga wajen ɗakin salla. Ku kai wa limaminku wannan ya duba, ya fi a bar zancen yana yawo a WhatsApp.

Kuɗin da kuka tara ba zai sayi kare daga Guide Dogs ba, domin ba sayarwa suke yi ba, kuma ba zai matsar da Yaya gaba a layi ba. Ina so 'yan ƙungiya su ji wannan sarai tun yanzu don kada rai ya ɓaci daga baya. Amma kowane kare yana cin sama da fam dubu 50 daga haihuwarsa zuwa ritayarsa, kuma kusan duk wannan kuɗi daga gudummawar jama'a da wasiyyar mamata yake fitowa. Idan masu karo-karon sun yarda a mayar da shi gudummawa, ya fi kyau kowane mai biyan haraji ya bayar da sunansa ya cike takardar Gift Aid, domin gwamnati takan ƙara kwabo 25 a kan kowane fam guda, abin da ba zai samu ba idan aka haɗa kuɗin wuri ɗaya aka miƙa da sunan ƙungiya. Wanda bai yarda ba a mayar masa da abinsa.

Abin da ya fi kuɗi ƙaranci shi ne mutane. Ana neman gidajen da za su reni kwikwiyo, da waɗanda za su riƙe kare mai ɗaukar horo da daddare da ƙarshen mako, kuma da wuya ki ga gidan ɗan Afirka ko na Musulmi a cikinsu, alhali karen da ya taso yana ganin babbar riga da hijabi, yana jin hayaniyar taron suna, shi ne zai fi natsuwa a rayuwa irin ta Yaya. Wanda ba zai iya zama da kare ba yana iya koyon yi wa makaho jagora yadda ya kamata, ya ba shi gwiwar hannu ya riƙe maimakon ya ja shi. Mu da muka taso muna ganin yaro riƙe da sandar makaho muna ɗauka mun iya, amma yawancinmu jan mutum muke yi. Ku gayyaci Guide Dogs ta turo mai jawabi zuwa taronku, ku koya wa yara cewa karen da ke sanye da ɗamarar aiki ba a shafa shi, ba a kiransa, ba a miƙa masa tsire, domin ɗauke hankalinsa na daƙiƙa guda a bakin titi ya isa ya jawo haɗari.

Sai direbobin tasi, waɗanda na san ba a rasa su a ƙungiya irin taku, kuma a nan ne nake so ki yi magana ba tare da kara ba. Ƙorafin da masu karen jagora suka fi kawo mini shi ne direba ya iso, ya hango kare, ya ja motarsa ya tafi, ya bar makaho tsaye cikin ruwan sama bai ma san motar ta zo ta wuce ba. Wasu daga cikin masu yin haka 'yan'uwanmu ne, kuma da sunan addini suke yi, addinin da aka saukar da sura guda a cikinsa saboda an ɗaure wa makaho fuska. Dokar Daidaito ta 2010 ta mayar da wannan laifi: direban da ya ƙi ɗaukar karen taimako, ko ya ƙara kuɗi saboda shi, ana iya cin sa tarar da ta kai fam 1,000, ƙaramar hukuma kuma tana iya ƙwace lasisinsa. Uzuri ɗaya doka ta karɓa, shi ne na rashin lafiya, kuma sai da takardar da hukumar ba da lasisi ta bayar tun kafin ranar. Ki tara direbobinku a zama na gaba, ki sa Yaya a gabansu, ki gaya musu cewa nan da wani lokaci shi ne zai kira tasi da kare a gefensa, sannan ki tambaye su ɗaya bayan ɗaya wa zai tsaya.