Tambaya da Amsa: Garmahon zamani da allurar da za su jure Kano

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Na yi ritaya bara, kuma ina da fayafayai cike da akwati biyu, wasu na makaɗanmu na kalangu da kuntigi da na saya a Sabon Gari tun ina saurayi, wasu na ƙasashen waje. Ɗana da ke aiki a Amurka ya ce in zaɓi garmaho na zamani mai kyau, kada in duba kuɗi. Ya ambaci Rega da Linn da Technics, ya kuma ce a sa masa allura irin MC, mai naɗin waya da ke motsi a ciki, wai ita ce ta manya. Wanne zan ce ya sayo?
Daga wani Alhaji, Gwammaja, Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam. Alhaji, Allah ya yi wa yaron nan albarka. Amma kafin ya biya ko sisi, a kira shi a gaya masa maganar wuta. Ta Amurka bolt 120 ce, tana kaɗawa sau 60 a daƙiƙa; tamu bolt 230, sau 50. Bambancin bolt ƙaramar taransfoma ta ishe shi. Kaɗawar ce matsala. Da yawa daga cikin garmaho masu bel, injinsu daga kaɗawar wuta yake ɗaukar gudunsa. Wanda aka ƙera don Amurka in ya iso Gwammaja, faifan da ya kamata ya juya sau 33 da sulusi a minti zai koma kusan 28, ka ji mawaƙi yana jan murya kamar wanda aka tasa daga barci. Ko na Ingila ne mai 50, ranar da aka tayar da janareta sai ka ji kiɗan yana hawa da sauka, domin janareta ba ya tsayawa daidai a 50, musamman in firji ya kama.

Shi ya sa ni Technics zan ce. Garmahonsu SL-1200 ba shi da bel, injin ne kai tsaye ke juya farantin, kuma tun samfurin MK2 na 1979 ƙwayar kwatz ce ke riƙe gudunsa, ba ruwansa da halin wuta. An daina ƙera shi a 2010, aka dawo da shi a 2016 da samfurin G, sai GR ya biyo baya. Ko wanne daga cikin biyun ya yi, da sharaɗin a sayi na kasuwar Turai mai bolt 220 zuwa 240. Ba na raina sauran. Idan zuciyarka na kan Rega, a fara daga Planar 6, wanda ke zuwa da akwatin wuta na daban mai daidaita gudu. Linn LP12 kuwa a kan sifirin yake zaune, sai gwani ya saita shi, ba aikin mai gyaran rediyo ba ne. Ga bel da zafin bazara ke sa shi ya saki.

Sai allura, inda ni da ɗanka muka rabu. Gaskiya ne MC na fito da ƙananan sautuka. Amma ƙarfin da take bayarwa yawanci bai wuce milibolt 0.3 zuwa 0.5 ba, alhali ɗaya irin allurar, MM mai maganaɗisu da ke motsi, na ba da kusan 5, saboda haka sai an haɗa ta da akwatin fono mai tsada, wato na'urar da ke ƙara ƙarfin sautin allura kafin ya shiga amfilifaya, kuma duk wani gurnanin wutar gida da shi za a ƙara. Abin da ya fi damuna shi ne tsinin. Lu'ulu'un da ke bakin allura yana cinyewa bayan awa 500 zuwa 1,000. Na MM da hannu za ka zare ka sa sabo. Na MC sai an mayar da kan gaba ɗaya ƙasar waje. Kuma Alhaji, akwai jikoki a gida. Yatsa ɗaya ya isa.

Fayafayanka ma sun sha tsohuwar allurar rediyogiram mai nauyi, ta riga ta goge bangon layinsu. Tsini siriri irin na Audio-Technica VM95ML ko Ortofon 2M Bronze yana taɓa wurin da waccan ba ta ci ba, sai tsohon faifai ya washe. Na fi son VM95 saboda jiki ɗaya ne, tsini kala-kala ke shiga: C mai araha don fayafayan da suka ji jiki, ML don masu lafiya, SP don na 78. In akwai masu nauyin nan da ke fashewa a akwatinka, na 78 ne, wato masu juyawa sau 78 a minti, layinsu ya fi faɗi, kada a sa musu tsinin zamani. G da GR duk suna da wannan gudu. Ga tsinin C da ML, a sa nauyin allura giram 2, a auna da ɗan sikeli, ba da ido ba. A kuma duba amfilifayarka, in babu ramin da aka rubuta wa PHONO, dole a sayi akwatin fono na MM.

Da hunturu, ka saurari gefe ɗaya, ka ɗaga hannun garmahon ka haska bakin allurar da tocilan. Za ka ga ɗan dunƙulen ƙura ja-ja ya naɗe tsinin, shi ke sa muryar ƙarshen faifai ta dushe. Busasshiyar iska na sa faifai ya riƙa jawo ƙura da kansa. A share shi da burushin kabon kafin kowane sauraro, tsofaffin a wanke su da tataccen ruwa na kemis, ba na rijiya ko na famfo ba. Sifirit kada ya kusanci na 78, yana cinye su. A jera su a tsaye, nesa da taga da bangon da rana ke duka. Faifan da ya wuni a but ɗin mota a watan Afrilu ya lanƙwashe ke nan.

A gaya wa yaron ya rage daga kuɗin MC ɗin ya haɗo da tsinin ML guda biyu na ajiya, da sikelin, da sababbin rigunan ciki na fayafayai ko ɗari ne. Sitabilaiza kuma a nan Sabon Gari za ka samu.