Hannun jarin pesewa 20 ba lallai ne ya zama mai araha ba

Wa alaikumus salam, ƙanena. Na ga tambayarka. Ka kwashi adashe sidi 8,000, kana da shagon wayoyi a Aboabo, wani kuma ya nuna maka hannun jarin da ake sayarwa pesewa 20, ya ce ka jida tun yana araha kafin ya tashi. Kana son sanin ko ka saya, da yadda ake gane na kirki. Ni aikin akawu nake yi a nan Akra, kuma na daɗe ina saye ina ajiyewa a kasuwar hannun jari ta Ghana, to ga nawa, sauran 'yan'uwa su ɗora.

Pesewa 20 ɗin nan (pesewa ɗari ce sidi ɗaya) ba ta gaya maka komai ba. Wani kamfani yana raba kansa kashi biliyan goma, kowane kaso ya zo a 'yan pesewa. Wani ya raba kansa kashi miliyan talatin, kaso ɗaya ya kai sidi 20. Abin tambaya shi ne nawa kowane kaso yake samowa a shekara. Da trotro, motar haya, aka yi maka talla, ai ba za ka tsaya a kuɗinta ba. Za ka tambayi nawa direba yake kawowa kullum bayan an cire mai da gyara, yaya lafiyar injin, akwai bashi a kanta ko babu, sannan ka lissafa shekara nawa za ta yi kafin ta mayar maka da uwar kuɗi. Lissafin ke nan. A ce hannu ɗaya sidi 20 ne, ribarsa a shekara sidi 5, shekara huɗu ya biya kansa. Na pesewa 20 mai ribar rabin pesewa, sai ya shekara arba'in. Wanda ba ya riba sam, babu rana. Wanne ne mai araha a ciki?

Wannan hanya ba sabuwa ba ce. Benjamin Graham ne ya tsara ta a Amurka, yana koyarwa a Jami'ar Kolombiya, kuma Warren Buffett ɗalibinsa ne. Gundarinta shi ne ka kimanta abin da kamfani ya cancanta, ka ƙi saye sai farashi ya sauka ƙasa da haka sosai, domin ratar da ke tsakani ta rufe maka kuskuren lissafi. Sai dai su a kasuwar Niyok suka yi nasu. Tamu tana da halinta, kuma a ganina ratar da muke buƙata ta fi tasu faɗi.

Dalili na farko sidi ne. Ka tuna 2022. Mun shiga shekarar dala tana wajen sidi 6, kafin ƙarshen Nuwamba ta haura 13, hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 cikin ɗari a Disamba. Duba MTN. An sayar da hannunsa pesewa 75 a 2018, har ta MoMo, asusun kuɗi na waya, mutane suka saya. A 2020 ya sauka ƙasa da kuɗin da aka saye shi, masu gajen haƙuri suka zubar. A ƙarshen 2024 yana sidi 2.50, ya ninka fiye da sau uku. Daɗi ko? To a 2018 dala ba ta kai sidi 5 ba, a ƙarshen 2024 ta wuce 14. Kai da kake sayo wayoyin da farashinsu ke bin dala, ka san ma'anar wannan: tashin farashin kusan kare maka kuɗinka kawai ya yi, ribar da ake rabawa duk shekara ita ce ainihin abin da ya shiga aljihu. Ba kushe nake yi ba, kare kuɗi a shekarun nan ba ƙaramin abu ba ne, wanda ya bar nasa a ƙarƙashin katifa ya gani a ƙwaryarsa.

Shi ya sa tambayata ta farko ga kowane kamfani ita ce: idan sidi ya faɗi gobe, zai iya ƙara wa kayansa kuɗi mutane su ci gaba da saye? Kuma kayan aikinsa daga ina suke zuwa? Benso Oil Palm Plantation, da ke Adum Banso a Jihar Yamma, kwakwar manja yake nomawa. Yana biyan ma'aikata da sidi, farashin manja kuma yana bin kasuwar duniya, don haka faɗuwar sidi ba ta cika yi masa illa ba, abin tsoronsa shi ne ranar da manja ya karye a waje. Wanda yake shigo da madarar gari ko sinadari da dala, ya sayar wa talaka da sidi, shi ke tsaka mai wuya. In ya ƙara kuɗi, ciniki ya ragu. In bai ƙara ba, riba ta zagwanye. In kuma yana da bashin dala, to bashin yana ƙaruwa ko da bai sake karɓar ko kwabo ba.

Fan Milk, kamfanin yogot da askirim, misali ne da ya kamata kowa ya riƙe. Babu wanda bai san hon ɗin kekunansu ba, daga Nima har Asawase, kayansu kuma ana sha. A ƙarshen 2017 hannunsa ya haura sidi 17. A ƙarshen 2020 yana wajen sidi 1. Kekunan ba su daina yawo ba a tsakani. Riba ce ta ragu, alhali an saye shi a farashin da ke nuna ba za ta taɓa raguwa ba. Sanin kamfani da son kayansa wani abu ne, kuɗin da ka biya wani abu ne daban.

Ga kuma ɗaya gefen, wanda ya fi kama da abin da aka nuna maka. A da UT Bank yana cikin kasuwar, hannunsa ya sauko 'yan pesewa. A farkon 2017 kasuwar ta dakatar da cinikinsa saboda bai fitar da lissafin kuɗinsa ba. A watan Agusta na shekarar Babban Bankin Ghana ya soke lasisinsa tare da na Capital Bank. Masu ajiya aka mayar da su bankin GCB. Masu hannun jari fa? Su ne na ƙarshe a layi, sai an biya kowa sannan a waiwaye su, in da saura. Ni dai duk kamfanin da ke jan ƙafa wajen fitar da rahotonsa, ba na kusantarsa ko nawa aka karya shi. Araha ba ta ado.

Dalili na biyu, kasuwar ƙarama ce. An fara ciniki a cikinta a Nuwamba 1990, amma har yau kamfanonin ba su kai arba'in ba, kuma mafi yawan cinikin kowace rana na MTN ne da 'yan bankuna. Akwai hannun jarin da zai yi mako babu wanda ya taya. Sai ka ga farashi a allo, ka lissafa kana da sidi 12,000, ka ba dillali umarnin sayarwa, ya zauna. Ranar farko shiru, ta biyu wani ya ɗauki hannu 200 cikin 10,000 ɗinka, ta uku dillali ya kira ya ce akwai mai so amma sai ka rage. In kuɗin makaranta ne ya taso ko haya ta ƙare, ragewa za ka yi. Don haka kafin ka saya, ka duba adadin da aka yi cinikinsa a watannin baya, ana wallafawa kullum. Kada ka sa jarin shago, kada ka sa kuɗin da za ka nema kafin shekara uku zuwa biyar. In sidi 8,000 ɗin nan ita ce kaɗai abin da kake da shi a gefe, ni da rabi zan fara.

Karatun rahoton shekara ba ya buƙatar digiri, sai haƙuri. Ka tsallake hotuna da jawabin shugaban kamfani, duk shekara daɗin baki ne. Ka nemi ciniki da riba na shekara biyar a jere, ka ga ko cinikin yana gudu fiye da hauhawar farashi. Kamfanin da cinikinsa ya ƙaru da kashi 20 a shekarar da kaya suka tashi da kashi 40, baya ya yi. Sai shafin shige da ficen tsabar kuɗi, wanda ni na fi yarda da shi. Kai ɗan kasuwa ne, ka san bambancin ribar littafi da kuɗin da ke cikin durowa. In riba tana hawa, bashin da kamfani ke bin mutane shi ma yana hawa, tsabar kuɗi ba ta shigowa, akwai magana, musamman in babban mai cin bashin gwamnati ce. Sai wasiƙar odita, wato mai binciken lissafin kamfani, ka karanta ta har ƙarshe, nan ake binne abin da ba a so a gani. Sannan ka duba wa ke riƙe da kaso mafi tsoka. Yawancin kamfanoninmu suna da uban gida, ko gwamnati ko wani babban kamfanin waje, kamar Danone a Fan Milk da Wilmar a Benso. Kai ɗan rakiya ne a wurin, abin da zai nuna maka ko ana tunawa da irinka shi ne tarihin rabon riba. Ka sani kuma ana cire harajin kashi 8 cikin ɗari kafin ta iso ka.

Wani abu da ke jujjuya farashi ba tare da kamfani ya yi laifi ba shi ne ruwan da gwamnati ke biya a takardun bashinta. A ƙarshen 2022 na kwana 91 ya kai wajen kashi 35. Ko kai ba ka taɓa su saboda haramcin kuɗin ruwa, manyan masu kuɗi suna taɓawa, sai su janye daga kasuwar hannun jari, komai ya yi ƙasa. Kasuwar ta faɗi a 2022, ta tashi da kashi 28 a 2023, da kashi 56 a 2024. Lokacin da kowa ke gudu, lokacin ne aka yi arahar gaske.

Maganar halal ba zan yi fatawa ba, amma ka san in ka cire bankuna da inshora da kamfanin giya, ka cire kusan rabin kasuwar. Abin da ya rage 'yan kaɗan ne: sadarwa, gidajen mai irin su GOIL da TotalEnergies, abinci, sabulu, manja. Ma'aunin da AAOIFI, hukumar ƙa'idojin hada-hadar kuɗi ta Musulunci da ke Bahrain, ta sa shi ne bashi mai ruwa kada ya wuce kashi 30 na darajar kamfani a kasuwa, kuɗin shiga mara tsabta kada ya wuce kashi 5, shi ma a fitar da shi sadaka. Ka ɗauki rahoton ka kai wa malamin da ya san fiƙihun ciniki, ka haɗa da tambayar zakka. Ƙarancin nan yana da amfaninsa, kamfani shida ko bakwai mutum ɗaya zai iya saninsu ciki da bai.

Wajen saye, ta hannun dillali mai lasisin SEC kawai, wato hukumar da ke kula da kasuwar hannun jari, sunayensu suna shafin hukumar. Zai buɗe maka asusun CSD, wato rumbun da ake ajiye hannun jari, da Ghana Card ɗinka, hannun jarin ya zauna da sunanka. Duk wanda ya ce ka tura masa MoMo ya juya maka, ko ya yi alkawarin kashi kaza duk wata, ka tuna Menzgold, kamfanin zuba jari a zinare da aka rufe a 2018, da kamfanonin juya kuɗi 53 da SEC ta soke wa lasisi a 2019. Ka tambayi dillali kuɗin aikinsa tun kafin ka fara, domin ana cira a saye, ana cira a sayarwa.

In ka canza lambar waya ko banki, ka sanar da dillali, domin akwai ribar mutane mai yawa da ke kwance ba a karɓa ba saboda wannan kawai. Kuma ka rubuta lambar CSD da sunan dillali a takarda, ka nuna wa maiɗakinka ko wani babba a gida inda ka ajiye ta. Hannun jari dukiyar gado ce kamar shago da fili, amma magada ba sa ganinsa da ido, in ba a gaya musu ba ba za su nema ba.